Motar da Unguwa Ta Ƙi Roƙa

Ku samarin yanzu, in kun wuce ta garejina a Gidan Dare kuka gan ni kan benci ina kaɗa makulli, sai ku ce tsohon nan ya samu duniya: mota na aiki, shi yana hutawa. Ban ga laifinku ba. Wanda ke bakin hanya ai shi ya fi kowa iya tuƙi. Amma tunda kun matsa sai kun shiga harkar, ku zauna ku ji yadda take tukuna.

Sunana Ummaru, sana'ata ba da hayar mota. Ba irin ta tasha ba, ba kuma ta yini guda ba. Haya ce ta dogon zango. Mutum ya ɗauki mota wata shida ko shekara, ta riƙa kwana a ƙofar gidansa kamar tasa, mai da wanki nasa, babban gyara nawa, in lokaci ya cika ya dawo mini da makulli. Ma'aikatan da aka turo garin na ɗan lokaci, 'yan kwangila, da waɗanda ba sa son ɗawainiyar saye da sayarwa, su ne mutanena. Aikin duka abu biyu ne: ka san motar da za ka saya, ka san hannun da za ka sa ta. Kowanne ka kuskure, kai da barci sai dai ku gaisa daga nesa.

Motar farko da aka ba ni in duba, ina yaron Alhaji Modi ne, dillalin motoci, Allah ya jiƙansa. 'Yar Kwatano ce, fara sol, tana sheƙi kamar kwanon amarya. Na zagaye ta, na tayar, na ji injin lumui, na koma na ce masa ba ta da aibu. Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Ummaru, da sahe kowace mota ta Allah ta. Bari rana ta take." Bazara ake ciki. Bayan azahar ya sa na kunna esi har ƙarshe, muka kutsa cikin cunkoson bakin kasuwa, muka tsaya bayan wata tirela muna jira. Ba a jima ba allurar zafi ta fara hawa, daga nan lagireto ya fara busa kamar butar shayi. Muka tura ta gefe da taimakon 'yan dako. A ranar na gane cewa a Sakkwato rana ce babban makaniki, mu duk yaranta ne.

Kayan aikinsa ba su cika aljihu ba, su nake amfani da su har yau. Ɗan maganaɗisu naɗe a ƙyalle, ka bi jikin mota da shi, duk inda ya ƙi kamawa an yi haɗari an cike gurbin an shafe da fenti. Farin hankici, ka kara a bakin salansa ka ga abin da injin ke tofarwa. Tocila don leƙa ƙarƙashi. Sai hularsa, wadda ita ma kayan aiki ce. Yakan shiga mota da babbar riga da doguwar hula, in hular ta taɓa rufi ko rigar ta maƙale a ƙofa, ya fito ke nan, ko an ce kyauta ce. Ya ce mutumin da zai cire hula kafin ya shiga motarsa ba shi ne mai motar ba.

Da na tsaya da ƙafata, abin ya tafi daidai har shekarar da nake kira baƙar shekara. Ba gobara aka yi ba, ba ɓarayi ba. Aro ne ya ci ni. Ku kun san garin nan: mota in ta kwana a ƙofar gida, ta unguwa ce. Wannan zai kai mara lafiya, wancan zai ɗauko baƙo a tasha, ƙanin matar mai gida kuma yana so ya koyi tuƙi. Mai haya kuwa ba ya iya cewa a'a, tunda ba shi zai sayi giya in ta mutu ba. Wata ta dawo mini tana warin albasa har cikin esi, ashe kasuwar ƙauye take ci kowane mako. Wata an shiga tseren kai amarya da ita, aka dawo mini da bambarta a kujerar baya. Wata kuwa na same ta a hannun mutumin da ko wanda ya ɗauki hayar bai san shi ba, aro ne a kan aro a kan aro. Kafin damina ta faɗi rabin motocina na wurin makaniki, ni kuma ina yawo a kan kabu-kabu.

Daga nan na kafa doka: motata, mai haya da iyalinsa kawai. Ba aro, ba wani direba, ba sauka daga kwalta. Don kada wani ya ce bai sani ba, na sa dukawa suka riƙa ɗinke mini sitiyarin kowace mota da jar fata. Ranar da na ga ɗaya daga cikinsu a jerin motocin biki da baƙon direba, a nan gaban makaɗa na karɓe makullina, 'yan biki suka sauko da gwaggwaronsu suna tsine mini. Labarin ya zaga gari kafin magariba. Tun daga ranar, duk wanda ya leƙa mota ya ga jan sitiyari ya san ta Ummaru ce, ya kuma san halin Ummaru. Na samu lafiya, motocina suka samu lafiya.

Ana nan sai ga ƙananan jif ɗin nan sun shigo yayi. Mutane na ce musu jif, amma ba jif ba ne. Ƙaramar mota ce aka ɗaga wa ƙafafu aka faɗaɗa wa kafaɗa. Yawancinsu tayun gaba kawai ke ja, in ka shiga rairayi da ita sai ta tona wa kanta kabari ta kwanta. Ta farko da aka kawo mini rufinta gilashi ne, wai don a riƙa kallon sama. Na ce wa dillalin a garin nan mun ga saman, ya ishe mu. Ta biyu na saya, ruwan toka, bayan ta ci jarrabawar azahar.

Ga abin da na samu a cikinta, tsakani da Allah. A cikin gari ba ta da na biyu. Tana hawa kwalbati ba tare da cikinta ya gogi ƙasa ba, ruwan damina da ke kwanciya a lungu bai dame ta ba, tana juyawa a wurin da babbar jif sai ta yi gaba da baya sau ba adadi. Mai kuma lasa take yi, ba sha ba. Amma injinta ƙarami ne. In ka cika ta da manya ka kunna esi, to wuce tirela a hanyar Tambuwal sai ka ɗaura niyya tun daga nesa, ka take totur, giyar ta yi ta kuka kamar injin markaɗe kafin a ga motsi. Kujerar baya ta mutum biyu ce da yaro, ko mutum uku da ba sa gaba da juna. But ɗinta ba na ɗan kasuwa ba ne. Na ce a raina wannan ta ma'aikaci ce mai zuwa ofis ya dawo, ban ga wani abin da za ta yi ya wuce haka ba.

Wanda ya ɗauke ta shi ne Malam Yohanna. Mutumin Filato ne, Kirista, aikin koyarwa ya kawo shi Sakkwato tun yana saurayi, ya zauna a Gawon Nama har furfura ta cim masa. Ya yi ritaya, yana jiran a gama masa gini can gida, ya ce shekara guda ta rage masa a garin, don haka ba zai sayi mota ba, haya yake so. Tuƙin ma da girma ya koya. Mutane in sun zo gwada mota, shan mai suke tambaya, ko su murɗa rediyo. Shi kujerun ya yi ta dubawa. Ya buɗe ƙofar baya ya rufe, ya tambaye ni ko mutum zai iya kishingiɗa a ciki. Na ce zai iya in ba dogo ba ne. Na karanta masa dokata, kai da iyalinka kawai. Ya ce to. Ya ja motar ya fita a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Bayan 'yan watanni sai ga shi da hantsi, ya ajiye makulli a kan bencina.

"Malam Ummaru, na kawo maka motarka."

Na ce, "Subhanallahi. Mi tay yi ma?"

Ya ce ba ta da amfani, iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ni kuwa ba a ce wa motata ba ta da amfani in zauna. Na buɗe bonet, na zaro sandar baƙin mai, na kara hankici, na shiga ƙarƙashi da tocila. Na ce ya jira azahar, ya jira. Muka shiga cunkoson kasuwa, allura ko gezau. Motar ta fi ranar da na ba shi tsafta, tayun kamar ba su taka ƙasa ba. A duk shekarun da na yi ina wannan aiki ba a taɓa riƙe mini mota da kyau haka ba, ga shi kuma ita ce aka ce ba a so. Na sami inuwar dogon yaro na tsaya, na ce ya gaya mini gaskiya.

Sai ya ba ni labarin maƙwabcinsa, Alhaji Bello mai hatsi. Katanga ɗaya ce tsakaninsu. Alhaji na da tsohuwar akori-kura ta ɗaukar buhuna, kuma tun zuwan Malam unguwar, ita ce motarsa shi ma. Ita ta kai matar Malam asibiti a kowace haihuwa. Ita ta kwaso kayan ɗakin 'yarsa. Da surukarsa ta rasu a hannunsu, Alhaji ya sauke buhunan gero a tsakar rana, ya ba da motar da direba aka kai gawar har Filato, ko kuɗin mai bai karɓa ba. Sauran maƙwabta ma haka, mai babur ya goya shi, mai mota ya rage masa hanya.

Ya ce, "Shekara kusan talatin ana ɗaukata a unguwar nan, ban taɓa ɗaukar kowa ba. Na ce kafin in tafi, ni ma a ƙwanƙwasa mini ƙofa ko sau ɗaya."

Ranar da ya kai motar gida, in ji shi, unguwa ta fito. Ana dafa bonet ana sa albarka, mata na leƙe ta soro. Sai wani ya leƙa ciki ya ga jan sitiyari. Aka ce Allah shi tsare, aka watse. Tun daga ranar ba wanda ya roƙe shi ko da rage hanya. In ya tsaya ya ce a shigo, sai a ce, "A'a Malam, mun gode, nan kusa na." Da idonsa ya ga matar maƙwabcinsa da yaro a kafaɗa, jikinsa ya yi zafi, ta wuce motar a ƙofar gidansa ta tafi bakin titi neman agwagwa, keken nan mai ƙafa uku.

Abin da ya fi ci masa rai kuwa, Alhaji Bello ya samu shanyewar ɓarin jiki, ana kai shi gashin ƙashi asibiti. Akori-kura ta yi masa tsawo, sai an ɗaga shi cak kamar buhu. Motar ɗansa kuma ta yi ƙasa da yawa, shigarta faɗuwa ce, fitarta sai ƙarti biyu sun ciccibo shi ta hammata, duk a gaban jama'a. Mutumin da a da in ya yi gyaran murya kasuwar hatsi ke nutsuwa. Har ya fara ƙin zuwa gashin saboda wannan. Malam ya je har ɗaki ya ce ga mota, Alhaji ya ce masa, "Motar Ummaru ta, amana ta a hannunka. Ba ni sa ka cin amana don ƙahwata."

Na ce, "To koma ka ce mai na yarda."

Malam ya gyara gilashinsa ya ce, "Na riga na yi masa wannan ƙaryar, bai yarda ba. Ya ce sai ya ji daga bakin mai ita."

Ku da kuke ganin aikin zama ne a benci, ga inda yake. In na je ƙofar gidan Alhaji na faɗa da bakina, to gaban mutane ne, kuma abin da aka faɗa a Gawon Nama da la'asar, kafin isha'i ya kai Sabon Gari. Dokar da na sha tsinuwa kafin ta tsaya, ita zan je in kwance da hannuna. Na tuna bambar nan a kujerar baya, na tuna zamana a kan kabu-kabu. Na ce wa Malam ya koma da motar ya ba ni kwana biyu. Ban yi wata dabara a kwana biyun ba, juyi kawai na yi ta yi. Amma akwai abin da ya tsaya mini, kuma na sana'a ne. Na san tsayin kujerar motar nan. Daidai kujerar zaman falo take, ba a hawa, ba a faɗawa. Na daɗe da sanin haka, ban taɓa lissafa shi cikin darajarta ba, sai ga shi an kwatanta mini mutumin da kamar don shi aka auna ta. Na so in gani da idona.

Na same su bayan la'asar a ƙofar gida, dattawa kan tabarma, Alhaji a kujerar roba an tokare shi da matashi. Bakinsa ya ɗan karkace, maganar na fita da nauyi, amma idon nan na ɗan kasuwa yana nan daram. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ya jiki, sannan na ce, "Alhaji, mota tau ta, kuma na yarda Malam shi riƙa kai ka gashi."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Ni kaɗai, ko da sandata?"

Na ce da sandar.

"Da wanda ka riƙa ni hwa?"

Na ce da shi.

"To in mun hito, ga maƙwabciya na naƙuda, sai mu ɗaga mata hannu mu wuce?"

A nan na gane ciniki muke yi, kuma na shigo rumfar wanda ya fi ni iyawa. Na ce mai naƙuda ta shiga. Ya ce mara lafiya fa? Na ce ya shiga. Ya ce tsohon da ba shi da ciwo sai tsufa? Dattawan kan tabarma duk suka miƙa wuya, domin maganar ta zo kansu. Na ce ya shiga, amma a ji nawa sharaɗin: Malam kaɗai ke tuƙi, ba jerin biki, ba rairayi, ba dabba.

"Rago hwa, in ƙarami na?"

Na ce, "Ko ɗan tsako, Alhaji."

Ya juya wurin dattawan ya ce, "Kun dai jiya." Suka ce sun ji, sun shaida. Aka shafa fatiha kamar an sayar da gona, Malam Yohanna na tsaye a gefe ya cire hularsa har aka gama.

Na ce a gwada yanzu. Malam ya matso da motar daf da tabarma. Na tura kujerar gaba baya har ƙarshe, na ɗan kwantar da ita, na buɗe ƙofar iyakarta. 'Ya'yan Alhaji suka taso za su ciccibe shi kamar yadda suka saba, na ce su dakata. Na ce ya miƙe da sandarsa, ya juya wa motar baya, ya dafa ƙofa da hannun mai lafiya, ya zauna kamar zai zauna a kan gado. Ya zauna. Na ce ya shigar da ƙafa mai ƙarfi, ya tallabo ɗayar da hannunsa. Ya ɗauki lokaci, gumi ya keto masa. Da ƙafar ta shiga, ya gyara rigarsa, ya taɓa hularsa ya ji tana nan a kansa. Ya ce, "Ashe." Ni dai na ji daɗi har cikin raina, irin wanda rabona da shi tun ranar da Alhaji Modi ya fara aika ni duba mota ni kaɗai.

Muka zaga unguwa, ina baya. Tuƙin Malam Yohanna abin a biya kuɗi a kalla ne. Yana ba da sigina tun kafin a hango kwanar, yana taka birki don akuyar da ke kwance a wancan gefen titi. Masu kekuna na wuce mu. Alhaji ya yi haƙuri iya haƙuri, sannan ya ce, "Malam, in hakanga za mu tahi asibiti, mu ɗauki guzuri." Malam ya ce shi bai taɓa buge kowa ba. Alhaji ya ce ai sai ka cim ma mutum kake buge shi.

Daga wannan rana motar ta fara aiki. Duk wata yakan kawo ta in canza baƙin mai, ni kuma in karanta labarin unguwa a jikinta. Ƙofar gaba ta ciki duk ta yi zane-zane da bakin sanda. Kujerar baya na warin man zafi da maganin asibiti. Madubin gefe an ɗaure shi da roba. Wata rana na buɗe but na ga gashin rago. Na ɗago shi a yatsa na nuna wa Malam. Ya dubi ƙasa ya ce, "Alhaji ne ya ce shi ma mara lafiya ne." Na ce Allah ya ba shi sauƙi, na sa aka share.

Kada ku ɗauka abin ya tafi a kyauta. Labari ya zaga kamar yadda na zata. Masu hayata suka fara zuwa da nasu marasa lafiyar, kowa da maƙwabcin da sai motata zai warke. Na tsare dokar iya ƙarfina, amma shingen da aka taɓa tsallakewa ba ya komawa yadda yake. Wani ya ba ƙaninsa aro, aka dawo mini da mota ba fitila ɗaya. Har yau ina fama. Kuma 'yar jif ɗin, in za a yi maganar kasuwa, shekarar nan guda ta tsufar da ita kamar biyu. Shokozoba ta saki, kujeru sun kwanta, fentin sai an sake. Duk dillalin da ya gan ta zai taya ta da rahusa, kuma ba zan ce ya zalunce ni ba.

Ranar da shekara ta cika, da hantsi na hango ta tana shigowa gareji, sigina na ta walƙiya tun daga bakin titi. Malam na tuƙi, Alhaji na gefensa. Ya fito da kansa, ya dogara sanda ya tako har bencina, yana jan ƙafar kaɗan. Ya ce tunda da baki aka ba shi izini, da baki zai mayar da shi. Ya sa na bi shi muka zagaye motar, yana nuna kowane tabo da sanda.

"Wanga nau na. Wanga na matal liman na, da ƙoƙon kunu. Wanga kau Malam na da kwalbati, ba ruwana. A yahe muna."

Na ce na yafe duniya da lahira. Malam ya miƙo mini makulli da hannu biyu, muka yi musabaha, ya ce washegari da safe motar kaya za ta zo, sai Filato. Aka yi addu'a. Sannan muka tsaya muna kallon juna. Malam Yohanna ya wanke mota, ya cika tanki, ya haɗa takardu a leda, abu ɗaya kawai bai tsara ba: yadda za su koma gida.

Na ce su shiga in kai su. Malam ya buɗe wa Alhaji gaba, ya jira ya shigar da ƙafarsa, ya rufe, shi ya koma baya. Na ja muka nufi Gawon Nama. Na tsaya a ƙofar gidan. Ta cikin soron Malam ana hango katifu a naɗe da kwalaye ɗaure da igiya. Na jira Alhaji ya buɗe ƙofa, bai buɗe ba. Yana kallon gaba, hannunsa a kan sanda.

Can ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, "Shekara talatin ina ɗaukar mutum, ban gudu ba. Shi 'yan watanni yaɗ ɗauke ni, ya gaji, za shi gida."

Malam ya ce, "Haba Alhaji, ai ka warke."

"Wa yac ce ma na warke? Ɗayar ƙahwag ga ma ta hwara ciwo."

Malam ya yi dariya, dariyar ta tsaya a hanya. Na dubi madubi na ga ya cire gilashinsa ya riƙe a hannu. Tausayinsu ya kama ni su biyun, wannan kuwa ba a koya mini shi a wurin Alhaji Modi ba. Na ga ba mai niyyar sauka yanzu, mai kuma ya yi tsada. Sai na sauke gilasai, na kashe injin, muka zauna.